Gurasar Da Ya Gatsa

Ku yi mini afuwa, kwana tara ban leƙo ku ba. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in ban buɗe baki ba za ta hau jirgi ta zo Samarkand ta buɗe mini da cokali. Na gode, 'yar'uwa, saura kaɗan ki sayi tikiti.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Sabohat, shekaruna ashirin da biyar. Sifaniyanci na karanta a jami'a, shi nake koya wa direbobi da masu yi wa baƙi jagora, a wani ɗaki da ke saman shagon ɗinki. A aji sai in yi awa biyu ina zuba ban gaji ba. A gida kuwa kalma uku a jere sai na yi gumi.

Sau biyu ke nan Mastura-opa tana zuwa gidanmu da ƙunshinta, tana nema wa ɗanta Doniyor aurena. Likitan haƙori ne, kuma wallahi ba shi da laifin komai. Sau ɗaya aka haɗa mu a lambun gari, duk maganar da na yi bakina yake kallo, na kasa gane so ne ko sana'a. Sau biyu mahaifiyata tana tare ni a kicin ta ce, "To, me kika ce?" Sau biyu ina sunkuyar da kai ina murza gefen ɗankwali. Kun san kuwa a wajenmu shirun budurwa amsa ce. Zuwa na uku aka sa ranar Alhamis, kuma a na uku ake karya gurasa tsakanin gida biyu. In ta karye, magana ta ƙare.

Bari in fara muku daga Laraba.

Da safe aka yi ɗan yayyafi, gari ya yi wanka. Ta tagar ajinmu ana hango ƙubba shuɗiya tana sheƙi, can bayanta duwatsu da sauran ƙanƙara a kansu. Ɗalibaina bakwai suka hallara da rigunan sanyi, ɗakin na warin jiƙaƙƙen ulu da alli.

"Yau darasin mafarki za mu yi," na ce musu. "Yadda Basifaniye ke cewa da kaza, da na yi kaza. Kuma babu mai sauƙinsa. Ba a yanke wa kalmar komai. Ka ɗauko ta ɗungurungum, ka liƙa mata wutsiya."

Na zaɓi guardar, wato ajiyewa, don ita baƙi suka fi damun direba da ita, kowa da jakar da yake so a ajiye masa. Na rubuta a allo ina faɗa suna maimaitawa. Guardaría, da na ajiye. Guardarías, da ka ajiye. Guardaría, da ya ajiye. Guardaríamos, da mun ajiye. Guardaríais, da kun ajiye. Guardarían, da sun ajiye.

Tohir-amaki, wato Kawu Tohir, tsohon direban da ya girmi babana, ya ɗaga hannu kamar ɗan firamare.

"Ustoz, tsaya. Da na ajiye, da ya ajiye, ni da shi wutsiyarmu iri ɗaya ce?"

"Iri ɗaya ce, amaki."

"Madalla da wannan harshe! In jaka ta ɓata ba a san wanda ya ajiye ba."

Aka kwashe da dariya. Na gaya musu amfaninta biyu ne a wurin aikinsu. Da ita ake mafarkin abin da bai faru ba, da ita kuma ake roƙo cikin ladabi, yadda wanda aka roƙa zai iya ƙi ba tare da kowa ya ji kunya ba. Na ce kowa ya ƙirƙiro jimla. Tohir-amaki ya ce da yana da hali da ya ajiye matarsa a gida ya bi baƙi Barcelona. Na kusa da shi ya ɗaga waya ya ce ya naɗa, yanzu zai tura mata.

"Tura mana, ɗan banza. Ai ba ta jin Sifaniyanci."

"Za ta ji Barcelona."

Ni dai tun ina jami'a nake son wannan darasi. Ina jin kamar mutanen nan sun gina wa "da" ɗaki nata na kanta, mai labule fari da taga buɗe, ba a tambayar kowa komai a ciki. A ɗakin nan na fi zama. Da na ajiye hasken safiyar Laraban nan a kwalba. Da na ajiye ƙamshin ƙasa bayan ruwa. Da na ajiye wata ukun nan da wani mutum ya yi yana zama a kujerar bakin taga.

Kun san shi, amma bari in maimaita don baƙi. Mirkomil. Mai gyaran tayil ɗin tsofaffin ƙubbobi ne, irin waɗanda ke wuni a kan tsani suna mayar da shuɗin da shekaru suka cinye. Ko ya wanke hannu, akwai shuɗi a gefen farcensa. Wani gidan masu tayil a Sevilla, can ƙasar Sifaniya, ya gayyace shi aikin shekara ɗaya da rabi, shi ya sa ya zo koyon harshe. A wata ukun nan ban fi "gyara nan" da "daidai ne" da shi ba, sai saƙon aikin gida a waya, wanda ban san yadda aka yi ya riƙa tsawo ba. Laraban nan ce ranarsa ta ƙarshe. Alhamis da safe zai hau jirgin ƙasa zuwa Tashkent, daga can sai sama.

Da aka zo kansa ya ce bai gama haɗa jimlarsa ba tukuna.

Aka tashi. Na ji takunsu a matakala, na ji Tohir-amaki yana tsokanar mai ɗinki a ƙasa. Mirkomil ya tsaya yana goge allon da ba wanda ya sa shi. Ya goge komai ya bar layin farko. Ni kuma ina ta jera takardun da na riga na jera.

"Ustoz, a duba mini jimlata."

"Ina ji."

Ya buɗe jakarsa ya fito da ƙunshi a farin ƙyalle mai ratsin shuɗi. Da ya kwance, ƙamshi ya cika ɗakin. Gurasa ce ta garinmu, mai nauyi, fuskarta na ƙyalli, baƙin riɗi a tsakiya, da sauran ɗuminta. Ya yi bismilla, ya kai baki, ya gatsa gefe guda. Ya tauna a hankali ya haɗiye.

Babu ɗan garin nan da bai san wannan ba. Mai tafiya nesa yakan gatsi gurasa a rataye sauran a bango, rabonsa ne da ya rage a gida, shi zai jawo shi ya dawo ya ƙarasa. Uwa ce ke ajiyewa. Ko mata.

Ya miƙo da hannu biyu.

"¿Guardaría usted mi pan?"

Ko za ki ajiye mini gurasata.

Na kasa ɗaga kai. Shi kuwa ya koma harshenmu, yana magana da sauri kamar wanda ake kora.

"Kin san mahaifiyata ta rasu. Gidanmu maza ne zalla. In na bar wa babana, kafin sati ya marmasa wa tantabarunsa. Macen da zan iya aikawa gidanku guda ce, gwaggota da ke Buhara, ita kuwa ko sunanki ba ta taɓa ji ba. Ban so in gaya mata sai na ji daga gare ki. In nauyi ne, ki ce jimlar ba daidai ba ce, in naɗe abata in tafi. Ba zan ji haushi ba."

Ya kamata in gaya masa gobe ake zuwa na uku. Ya kamata in ce ya kira gwaggon nan yanzu yanzu, a gabana. Kun san me na ce?

"Jimlar daidai ce."

Na karɓa. Ɗuminta ya ratsa tafin hannuna. Na ga gurbin haƙoransa a gefe, da ɗan tudu siriri a tsakiya inda wushiryarsa ta tsallake. Na naɗe na sa a jaka na sauka matakala ban waiga ba. Duk tsawon hanya a motar haya jakar na kan cinyata kamar jaririya, wata tsohuwa na ta shinshina iska tana kallona.

A gida na rataye jakar a bayan ƙofar ɗakina. Na ce in an jima zan sami wuri. Wane wuri? Gidan da kakata, Buvi, ta san adadin allurar da ke cikin kowane gwangwani.

Alhamis tun da hantsi gida ya kacame. An fito da katifun zama na karan-miski ja, waɗanda sai baƙo mai daraja. An shimfiɗa farin mayafin abinci a falo, an jera zabibi baƙi da rawaya, gyaɗar waje, alewa mai ƙanƙara, da butar shayi shuɗiya mai zanen auduga. Mahaifiyata, Oyijon, tana yankan karas na dafa-duka tana ba da umarni ta taga. A tsakar gida bishiyar urik, mai 'ya'ya rawaya masu zaƙi, ta farka da fararen furanni a dare ɗaya, kamar ita ma an gaya mata.

Wayata ta yi ƙara. Hoto ne daga Mirkomil, ta tagar jirgin ƙasa, fili fetal da garken tumaki.

"Ustoz, mun wuce Jizzah. Tana nan?"

Na rubuta, yau za a zo. Na goge. Na rubuta, kira gwaggonka. Na goge. Na tura, "Tana nan."

"To zan iya barci. Jiya ban runtsa ba."

"Allah ya kiyaye hanya."

"Daga azahar wayata za ta mutu sai na sauka gobe. Kada ki ga shiru ki ce na manta darasi."

Na kifa wayar a kan gado.

Buvi ce ta shirya ni da kanta. Rigar atlas mai ruwan ja da rawaya da kore kamar an zuba launi a rafi, wando mai ado a bakin ƙafa, 'yan kunnenta na azurfa masu nauyi. Ta yi mini kitso guda ta sako shi ta kafaɗa, tana ja tana mita.

"Ɗaga kai mana. Wuya kamar na kazar da ruwa ya daka. In ba kya so ki faɗa, bakinki ba a ɗinke yake ba."

Ga ƙofa an buɗe mini. Na kalle ta a madubi, ta kalle ni. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Ɗan kunnen ya matse ni." Ta yi tsaki ta sassauta.

Bayan azahar suka iso, Mastura-opa da ƙanwarta, da ƙunshinsu a mayafi mai zare na zinariya. Ina jiyo gaishe-gaishe daga kicin, ina tsaye ina kallon tururin buta, ina can ɗakin nan mai farin labule. A ciki har na ga kaina a wani titi mai itatuwan lemo, wani na saukowa daga tsani yana goge hannu a wando. Oyijon ta shigo tana haki ta ɗora mini tire.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Yau kin fitar da ni kunya."

"Da na yi me, Oyijon?"

"Guda uku mai gurasa ya aiko mini, uku! Kamar gidan makoki, inda ba a jera su biyu-biyu. Ina neman mataji a ɗakinki na ji ƙamshi a jakarki. Na cika huɗu da ita. Wuce, wuce, shayi na hucewa, kuma ban da cika musu kofi."

Ban san yadda ƙafata ta kai ni falo ba. Ga su nan a tsakiyar mayafi, huɗu, ɗaya kan ɗaya. Tawa ce a ƙasa, na gane ta da duhun gashinta. Oyijon ba ta sa tabarau in za a yi baƙi, ta ce yana tsufar da ita. Gefen da aka gatsa ya juya wajen kwanon zabibi, ba mai gani.

Na durƙusa. Na juya shayin sau uku, na zuba kaɗan kaɗan, na miƙa da dama, hagu a ƙirji. Ban ɗaga kai na kalle su ba.

"Kunya ce," in ji ƙanwar Mastura-opa. "Irin ta da. Yanzu ina ake samu?"

"An ce harshen Turawa take koyarwa?" Mastura-opa ta tambayi Oyijon, kamar ba na wurin.

"Na Sifaniya."

"To, ba laifi. In an yi biki sai ta riƙa yi wa Doniyor in ya ɓata mata rai, ba zai gane ba, a zauna lafiya."

Suka yi dariya. Na ce a raina huɗu ne, ta sama za a ɗauka, kowa ta sama yake ɗauka. Ya Allah ta sama.

Aka sha shayi, aka yabi zabibi, aka zagi tsadar nama. Sai Mastura-opa ta gyara zama ta ce wannan ne zuwansu na uku, takalminsu ya san hanyar gidan nan, suna fatan yau ba za su koma da nauyin da suka zo da shi ba. Oyijon ta kalli Buvi. Buvi ta kalle ni, ta daɗe. Na kalli zanen audugar da ke jikin buta.

"To," in ji Buvi. Ta ɗaga hannu aka shafa fatiha.

Ta taɓa gurasar sama da yatsa ta yamutsa fuska. Ta taɓa ta biyu.

"Waɗannan na yau ne, sun yi laushi kamar auduga. Ba a ƙulla zumunci da gurasa mai lanƙwasa. A ba ni mai ƙwari, wadda za a ji ƙararta."

Ta zaro ta ƙasa.

Tafinta ya rufe gurbin. Ta miƙa ɗaya gefen, Mastura-opa ta kama da yatsu masu zobba. Na ga fuskar gurasar ta fara tsagewa siriri daga tsakiya, baƙin riɗi biyu suka faɗo kan mayafi.

"A'a!"

Ban gane muryar ba sai da na ga duk sun juyo. Na riga na miƙe a kan gwiwa, hannuna ya tsallake kwanuka, na riƙe gurasar gam. Gwiwar hannuna ta ture kofi, shayi ya malale a farin mayafi ya nufi siket ɗin ƙanwar Mastura-opa. Na fizgo na rungume a ƙirji, a kan rigar atlas.

"Sabohat!" Oyijon ta dafe kai. "Aljanu ne?"

"Wannan ba ta karyawa ba ce."

"Mu gani," in ji Buvi, a hankali.

Na juya ta. Gurbin ya fito fili, rabin wata a gefen gurasa.

"Ɓera ne," Oyijon ta yi maza ta ce. "Wallahi ɓeraye sun dame mu bana."

Mastura-opa ta sa tabarau ta leƙo.

"'Yar'uwa, ni na haifi likitan haƙori. Ɓeran nan naki namiji ne, ya haura shekara ashirin da biyar, kuma yana da wushirya."

Ba wanda ya yi dariya sai ƙanwarta, ita ma ta mayar da ita tari.

"Gidan nan ba mu da ɗa a hanya," in ji Buvi. "Rabon wa kike riƙe da shi?"

Na faɗa. Ido na zuba, amma na faɗa. Sunansa Mirkomil. Ɗalibina ne. Tayil yake gyarawa. Mahaifiyarsa ta rasu. Yau da safe ya tafi. Jiya ya ba ni, ni kuma na karɓa da hannuna, ba wanda ya tilasta ni. Na juya wajen Mastura-opa na ce ta yafe mini, ɗanta bai yi mini komai ba, ni ce na kasa magana.

Ta sake duba gurbin. Sannan ta cire tabarau ta ninke.

"Da kin faɗa tun zuwan farko, 'yata, da ban sayi sabon takalmi ba." Ta jawo ƙunshinta da ba a kwance ba ta ɗora a cinya. "Gara yau da bayan an kira makaɗa. Tashi mu je, ke kuma, siket ɗinki ya sha shayi ya ƙoshi."

Oyijon ta raka su har ƙofa tana ba da haƙuri, murya kamar za ta tsinke. Da ta dawo ko zama ba ta yi ba.

"Mai liƙa tayil! A kan tsani! An kawo miki likita har gida kin zaɓi wanda iska za ta iya kaɗowa. Gobe duk unguwa ta ji. Kuma ina yake? Ya tafi ƙasar da mata ke rawa da fure a kunne, ya bar ki da gurasa!"

"Ya isa," in ji Buvi. Ta karɓi gurasar daga hannuna, ta bi tsagar da babban yatsa, ta auna nauyinta. "Bai yi rowa ba, mai kyau ya saya. Har yaushe?"

"Shekara ɗaya da rabi, Buvijon."

"Iyayensa sun san da ke?"

Na girgiza kai.

"Wato ya iya cizo, bai iya aike ba." Ta juya wajen Oyijon. "Kawo mini ƙusa da guduma."

"Buvi, yanzu a bangon falona za a rataye gurasar wanda ko sallama bai taɓa yi mana ba?"

"Gurasar matafiyi ba a barinta a jaka, ko ta maƙiyi ce. Kawo." Sannan ta nuna ni da gurasar. "Ke kuma saurara, tunda ashe kina da baki. Saura kwana goma sha biyu bikin Navruz na sabuwar shekara. In har ranar ba wata mace daga gidansu da ta ƙwanƙwasa ƙofar nan da ƙunshi a hannu, ni da kaina zan sauke ta, in jiƙa a shayi, in cinye da haƙoran nan nawa guda huɗu. Daga nan kuma wanda uwarki ta kawo, ba ruwana."

Na ruga ɗaki da 'yan kunne na dukan wuyana. Na ɗauki waya. Wannan karon ban goge komai ba.

"Kira gwaggonka ta Buhara. Ka gaya mata sunana. Kwana goma sha biyu gare ta."

Saƙon ya tafi ya tsaya, alama ɗaya tak a gefensa. Wayarsa a kashe take, yana can wani wuri tsakanin gajimare, wataƙila ma barci yake abinsa. Ban san sunan gwaggon ba, ban san unguwarta ba, ban san ko irin matan nan ba ce da sai an roƙe su wata uku.

Daga falo na ji bugun guduma na farko.